Kunyar Suruki Ta Kusa Sa Na Kayar da Jirgi

A lokacin da wannan abin ya faru shekarata talatin da ɗaya a duniya, shekara biyu da aure, ina aiki a wani filin jirgin sama da ba zan faɗi sunansa ba. Ni mutumin Kibiya ne, can na yi firamare, na yi sakandare a Rano, kafin Allah ya kai ni makarantar koyon aikin lantarki har na samu wannan aiki. A gida Injiniya ake ce min, ko da yake a wurin aiki ni ƙaramin ma'aikaci ne mai yawo da jakar kayan gyara. An san ni da abu biyu: ba na fashin aiki, kuma ina da kunya irin wadda tsofaffi ke yabo a bakin masallaci. Na fi alfahari da ta biyun, kuma ita ce ta kai ni ta baro. Na daɗe ina son rubuto muku wannan labari ina fasawa, sai yanzu na ga ajiye shi a ciki ba zai amfani kowa ba.

Aikina shi ne kula da na'urar da ke yi wa jirgi jagora idan zai sauka. In gari ya yi garau, matuƙi da idonsa yake ganin titin sauka. Amma in hadari ya rufe sama ko ana tsuga ruwa, ba ya ganin komai sai fari fat a gilashi, to a nan na'urarmu yake bi. Tana can ƙarshen titi, wasu sandunan ƙarfe ne da aka kakkafa a jere, suna aika saƙo ta iska zuwa cikin jirgi. A gaban matuƙi akwai wata allura. In ta tsaya a tsakiya yana kan hanya, in ta karkata dama ko hagu sai ya bi ta. Ba shi da yadda zai san ko gaskiya take gaya masa sai ya fito daga cikin gajimare, a lokacin kuwa ƙasa ta riga ta matso. Abin da aka fi ja mana kunne a kai tun ranar farko shi ne filin da ke gaban sandunan nan. An kewaye shi da turaku masu fentin ja da fari, kuma doka ce kada mota ko wani babban ƙarfe ya tsaya a ciki yayin da jirgi ke bin na'urar, domin saƙon yana dukan ƙarfen ya karkace, sai allurar ta nuna wa matuƙi tsakiya a inda ba tsakiya ba. Abin tsoron shi ne, mu da ke ɗakin kula da na'urar ba lallai mu ga alamar komai ba, don ita lafiyarta ƙalau, a hanya ne saƙon ya lalace. Duk wannan na san shi kamar yadda na san hanyar gidanmu.

Surukina mutumin Kahu ne, manomi, yana kuma kiwon bijimai a gida. Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da ya sa mai walda ya yi wa dogon keji na ƙarfe a baya, da ita yake kai tumatir da attaruhu da albasa birni. Mutum ne mai raha, in yana wuri ba a rasa dariya, kuma Allah ya sani yana ƙaunata tun kafin in auri 'yarsa. Ni ma ina ƙaunarsa fiye da yadda zan iya faɗa, amma ban taɓa nuna masa ta hanyar magana ba. Tun da aka ɗaura aure ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi, tun daga nesa nake cire takalmi in durƙusa. In ina da magana da shi matata nake gaya wa, ita ta kai masa, ta dawo min da amsa, ko da kuwa yana zaure ina tsakar gida. Shi kansa yakan tsokane ni a gaban mutane, ya ce ya san tsakar kan surukinsa sarai, amma in aka ce ya kwatanta fuskarsa sai ya nemi taimako. A yi dariya, ni kuwa in ƙara sunkuyar da kai ina jin daɗi a raina. Matata takan ce ita ba mata aka auro ba, waya aka saya.

Duk damina hukumar filin takan ba wasu mutane izinin shiga su yanki ciyawa, saboda doguwar ciyawa tana tara tsuntsaye, tsuntsu kuwa abokin gaban jirgi ne. Sharaɗin shi ne a ba mutum takarda, a kuma haɗa shi da ma'aikacin da zai tsaya a kansa. Surukina yana kawo kaya birni ya koma da mota fayau, ga bijimai a gida, ga gonaki duk an shuke babu inda za a yi yanka. Sai na nema masa takardar, na sa sunana a matsayin mai tsaya masa. Ranar da matata ta kai masa labari ta ce ya yi ta sa min albarka har ta gaji da cewa amin. Maganar turakun nan masu ja da fari ma ita na ba saƙo. Na yi mata dogon bayani, ta kai masa gajere, ta ce Injiniya ya ce kada a taɓa masa ƙarafansa. Shi kuwa bai taɓa taɓa su ba, ko da wasa.

Ranar da abin ya faru ana tsakiyar marka. Surukina ya shigo da hantsi tare da wasu magidanta biyu 'yan garinsu da ke taya shi yanka. Ƙasa duk ta jiƙe, ko'ina taɓo, wuri ɗaya ne mai tauri, wato 'yar hanyar tsakuwa da ta ratsa cikin turakun ta nufi sandunan. Can ya kai motar ya ajiye, kamar yadda duk direba mai hankali zai yi don kada ya kafe. Ina tsaye a ƙofar ɗakinmu ina kallo. Na ce a raina sama ba ta haɗu ba tukuna, jirgi kuma sai wajen azahar, kafin nan sun gama lodi sun fita, babu dalilin da zan tayar da dattijo. Ba a yi awa ɗaya ba hadari ya taso daga gabas, gari ya yi duhu, ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya, ko turakun ba na gani sosai. Sai oba-oba, wato rediyon hannu da muke magana da ita a wurin aiki, ta yi ƙara a ƙuguna. Mai hasumiya ne, wato jami'in da ke ba jirage izinin sauka. Ya ce akwai jirgin da ya taso da wuri, yana tafe cike da fasinja, na'urarmu zai bi, shi kuma daga sama ba ya ganin ƙarshen titi, in tabbatar masa ko filin gaban sanduna babu komai. Na ce masa babu komai. Na faɗa ne da niyyar kafin jirgin ya matso na sa an fitar da motar, a ganina ba ƙarya na yi ba, gaskiya ce da ta yi ɗan gaggawa.

Na fita a guje cikin ruwa. Ina isa surukina ya sauke gilashi, su uku a gaban motar sun fake suna cin dafaffiyar masara. Ya ce Injiniya ya da shiga ruwa haka, in zo su matsa min. Kafin in san abin da nake yi na cire takalmi na durƙusa cikin taɓo na fara gaisuwa. Na tambaye shi gajiya, na tambaye shi ruwa, na tambayi mutanen gida. Ya miƙo min masara na ce alhamdu lillahi. Kalmomin da nake buƙata ba su fi biyar ba, amma duk yadda na juya su a raina umarni suke fitowa, ga mutanen garinsu biyu suna kallo. Yaya za a yi in buɗe baki in ce wa uban matata ya tashi ya gusar da motarsa? Na ce masa ina zuwa. Wallahi abin da na yi ke nan, na ce ina zuwa, na koma bayan ɗakinmu na ciro waya na kira matata a Kibiya. Sai a kira na uku ta ɗauka, tana gidan suna, ga hayaniyar mata ga ƙarar ruwa a kan kwano. Na ce ta kira Baba yanzun nan ta ce ya fitar da mota daga cikin turaku. Ta tambaye ni ina Baban yake, na ce ga shi can ina hango shi. Ta kwashe da dariya, ta zaci wasa nake. Da ta ji muryata tana rawa ta kashe ta kira shi, ta sake kirana ta ce wayarsa a kashe take. Daga baya na ji ya naɗe ta a leda ya cusa ƙarƙashin kujera saboda ruwa.

Ina riƙe da wayar na ji jirgin. Ban gan shi ba, ƙararsa kawai na ji, amma wanda ya yi shekaru a wurin ya san ƙarar jirgin da ke sauka lafiya, ya san ta wanda aka taka wa wuta ba shiri don ya koma sama. Ya wuce ta samanmu da wata irin gigita, kuma ba ta kan titi ƙarar ta biyo ba, ta can gefe ta biyo, wajen katanga. Na jingina da bango. Daga baya aka ce da matuƙin ya fito daga gajimare ba titi ya gani a gabansa ba, ciyawa ya gani da bishiyoyi, fitilun titin suna can hagunsa. Surukina ya leƙo ta taga yana dariya, ya ɗaga murya ya ce min wannan jirgi ya zo kuma ya fasa, ko dai direban mantuwa ya yi a gida. Bai san komai ba, bawan Allah.

Jirgin ya tafi wani gari ya sauka. Mai hasumiya ya kira ni ya ce matuƙin ya ba da rahoto allurarsa ta yi ta rawa sannan ta ja shi gefe, in duba na'urata. Ruwa ya ɗauke, surukina ya gama lodi, ya bar min masara a leda ya kama hanya. Ni kuma na zauna na rubuta a littafin aiki cewa na'ura lafiya, fili babu komai. Washegari manyan injiniyoyi suka zo suka auna, komai daidai, tunda motar ba ta nan. Wasu jiragen suka yi ta sauka ba matsala. A hankali sai magana ta juya kan matuƙin, wasu su ce gajiya ce, wasu su ce shi ya yi kuskuren saiti yana neman inda zai ɗora. Ba a jima ba muka ji kamfaninsu ya dakatar da shi daga tuƙi har sai an gama bincike. Mutumin da ya ceci jirgi cike da rayuka yana zaune a gida ana zarginsa, ni da na jawo ina zuwa aiki kullum da guga a rigata. Na gaya wa kaina surukina nake karewa, don kada a kira dattijo ofis a ci masa fuska. Gaskiyar ita ce har da kaina nake karewa.

Mako uku na yi a haka. Duk Juma'a nakan hau mota in tafi Kibiya, kuma a zuwa na uku matata ta ritsa ni. Bayan la'asar ne tana tsintar shinkafa, ta ce ita dai ta ga tuwo yana komawa yadda ya zo, wandona kuma ya fara neman igiya, in gaya mata abin da ya biyo bayan wayar nan ta ranar suna. Na gaya mata duka, ban rage komai ba. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta ture farantin gefe, ta shiga ɗaki ta sako hijabi. Na roƙe ta kada ta je, na ce zuciyar Baba ba za ta ɗauka ba. Ta ce shekara biyu tana ɗaukar min saƙon gaisuwa da na kaji da na taki, to yau ga saƙon da ya cancanci a ɗauka, ba kuwa za ta rage shi a hanya ba. Ta tari mai babur ta tafi Kahu.

Da safe surukina ya aiko in same shi a gona. Na tarar da shi shi kaɗai a gindin ɗorawa, dawa ta fi mutum tsayi ta kewaye mu. Na durƙusa daga nesa kamar kullum. Ya ce in matso. Na matso kaɗan, ya ce in ƙara. Ya shimfiɗa buhu ya ce in zauna a kai tare da shi, sannan ya ce in ɗago in kalle shi. Ranar na fara ganin idonsa da kyau, sun yi ja, da gani bai runtsa ba. Bai zage ni ba, na so a ce zagina ya yi. Ya tambaye ni ko akwai yara a jirgin, na ce ba a rasa ba. Ya tambaye ni ko matuƙin yana da iyali, na ce na ji an ce yana da su. Sannan ya ce in da a ce maciji na gani a gindin ƙafarsa, shin Kibiya zan buga waya? Ya ce abin da ya hana shi barci ba motar ba ce, dariyar da ya yi ce, yana cin masara yana tsokanar mutumin da ke kokawa da mutuwa a saman kansa. Ya ce shi ma yana da nasa laifin, domin ya ji daɗin kunyar nan tawa, ya yi ta tallanta a kasuwa da wurin ɗaurin aure, bai taɓa tunanin wata rana za ta toshe min baki a inda ake buƙatarsa ba. A nan na kasa riƙe hawaye. Ya ce ranar Litinin tare za mu je wurin shugabannina mu faɗi gaskiya. Na ce masa za a iya korata, 'yarsa ce za ta sha wahala. Ya nuna min dawar da hannu ya ce 'yarsa da wannan ta girma ba da jirgi ba, kuma shi mai gaskiya ya ba wa 'ya, ba mai sunkuyar da kai ba.

Haka muka je a a-kori-kurarsa. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya tsaya gaban shugabannina ya ce shi ya ajiye mota, kuma ba wanda ya gaya masa kada ya ajiye. Ni na faɗi sauran: abin da na ce a oba-oba da abin da na rubuta a littafi. Da suka so su tabbatar, suka zaɓi ranar da gari ya yi garau babu jirgi a hanya, shi da kansa ya tuƙa motar ya mayar da ita inda ta tsaya, aka auna daga can bakin titi, allura ta karkace a gaban kowa. Aka mayar da matuƙin bakin aikinsa. Ni aka dakatar da ni watanni, aka rage min matsayi, aka mayar da ni ɗakin gyara inda ba ruwana da oba-oba, kuma ban ga zalunci a ciki ba. Kafin in tafi matuƙin ya nemi ganina. Dattijo ne mai furfura a gemu, mai magana a hankali. Ya ce dakatarwar ba ta dame shi ba kamar yadda ya fara yarda da masu zarginsa, yana zaune a gida yana tambayar kansa ko dai idonsa da hannunsa sun fara cin amanarsa, har ya fara tunanin ajiye aikin. Ya ce ya yafe min. Na fita daga ofishin nan ban san ta ƙofar da na bi ba.

Watannin dakatarwar a Kahu na yi su, tare muka yi girbi. A nan na koyi yi masa magana baki da baki, da farko ina in'ina kamar ɗan koyo, shi kuma yana yi kamar bai lura ba. Yanzu ya tsufa. A bara na ga ya fara laluben hanya in rana ta yi sanyi, sau biyu yana kusan kaɗe mai keke a hanyar Rano, kuma duk 'ya'yansa sun kasa gaya masa. Na je na cire takalmi, na durƙusa na gaishe shi, sannan na kalle shi na ce Baba idonka ya daina tuƙi, ka ba ni makullin. Ya daɗe yana kallona. Ya sa hannu a aljihu ya ciro ya miƙo min, ya ce wa matata da ke tsaye an sallame ta daga aikin waya.

Ban rubuto wannan don in ce a daina jin kunyar surukai ba. Tarbiyyarmu ce, ina sonta, ita nake koya wa 'ya'yana. Abin da na koya shi ne akwai wurin da shiru ba ladabi ba ne, cin amana ne, kuma wanda kake yi wa shirun shi ne zai fi kowa jin ciwonsa in ya gane. Don haka ina kira ga duk wanda aka ba amanar wani aiki da rayukan mutane suka rataya a kai, a filin jirgi yake ko asibiti ko tasha, kada ya ce an gyara abin da ba a gyara ba da niyyar zai gyara yanzu. In babba ne ya tsaya inda bai kamata ba, ka gaishe shi, ka gaya masa da bakinka nan take. Mutanen da ke cikin jirgin nan sun sauka a wani gari suna mitar an ɓata musu lokaci, har yau ba su san cewa ransu ya kusa tafiya saboda wani mutum ya ji nauyin faɗar kalmomi biyar ba.